Kafin Ku Buɗe Baki a Bisau da Nampula



Labari ya iso mini cewa cikin matasan da suka fito daga ikilisiyoyin ƙasar Birnin Gwari, akwai waɗanda ke makarantun horar da masu bishara a Jos da Kagoro da Kaduna, kuma an ce wa waɗansu su ɗaura ɗamara, domin filin da za a tura su na masu jin Fotugis ne: wani Gini Bisau, wani Mozambik, wani Angola. Na gode wa Allah da ya nuna mini wannan rana. Ƙauyukan da aka ɗauka sun mutu, ga shi su ne ke aika mutum ƙetare. Amma na kuma ji cewa harshen ya fara gajiyar da ku, har wani ya ce tunda Ubangiji ne ya kira shi, zai tanadar masa tafinta idan ya sauka. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ni ma na zauna a bencin da kuke zaune, da furfura a kaina ma, kafin a tura ni gabashin Gini Bisau.

Tafinta yana da amfaninsa, ba na raina shi. Sai dai ba a gidanka yake kwana ba. Ranar da maƙwabci zai ƙwanƙwasa maka ƙofa da tsakar dare don matarsa na naƙuda, ko ranar da wani zai zo da abin da ya kasa gaya wa kowa, ba za ka ce ya jira gari ya waye a nemo tafinta ba. Kuma mutum ba ya buɗe cikinsa gaban mutum biyu yadda zai buɗe gaban ɗaya. Wa'azin Lahadi ɗan yanki ne na aikin. Mafi yawansa a bakin rijiya ake yin sa, da gidan makoki, da layin asibiti, da cikin motar haya. Ku sake karanta Ayyukan Manzanni sura 21 da 22. A matakala ɗaya Manzo Bulus ya yi wa shugaban soja magana da Helenanci, ya juya ya yi wa taron da ke neman ransa magana da Ibrananci, kuma da suka ji harshensu sai hayaniya ta lafa. Bulus ya ga Ubangiji a hanyar Dimashƙu, duk da haka da harsunan da ya koya ya yi aiki a ranar.

Ku kuwa ba baƙi ba ne ga zama da harsuna. Yaron da ya tashi a ƙauyukan gefen dajin Kamuku, da Gbagyi ko Kamuku yake magana da uwarsa, da Hausa yake ciniki a kasuwa yake kuma yin sujada, da Ingilishi yake rubuta jarrabawa, wani ma ya tsinci Fulatanci wajen masu tallan nono. Wanda ya riga ya ɗauki harshe uku, na huɗu ba zai karya masa wuya ba. Akwai kuma abin da kuka sani wanda ɗan mishan daga Landan ko Sao Paulo sai ya karanta a littafi: kun san yadda bishara take idan ta zo wa mutum da harshen da ba na uwarsa ba. Ku tuna da kakanninku mata. Tsohuwa za ta zauna a majami'a daga farkon sujada har ƙarshe, ta rera waƙoƙin Hausa ba ta duba littafi ba, ta ce amin inda ake cewa amin. Amma daren da jikanta ya kwanta da zazzaɓi jikinsa na kyarma, in ta durƙusa a gefen tabarma, da Gbagyi take yi wa Allah kuka.

Waɗanda suka kawo mana bishara ma haka suka sha. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a 1893. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, nan jiharmu ta Kaduna, Kent kuma a Bida. Da ƙungiyarsu ta SIM ta kafu daga baya, sai ta riƙa tura sababbin 'yan mishan makarantar koyon Hausa a Minna kafin su kama tasha. Likita Walter Miller na CMS, kafin ya taka ƙasar Hausa a 1900, sai da ya je Tarabulus ya zauna cikin Hausawa fatake da maniyyata yana koyon magana, kuma sai a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Sabon Alkawari da Gbagyi kuwa sai 1956. Gabanin su duka akwai Schön, Bajamushen da ya fitar da nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Babban malami ne, amma Hausa mai yawa daga bakin wani yaro ya tattaro ta, Dorugu, wanda matafiyi Barth ya tafi da shi Turai. Gaban yaro ya zauna yana tambaya yana rubutawa. Na gida kuma muna da Rabaran Panya Baba, ɗan Gbagyi daga Karu, wanda ya je Gana aikin bishara a farkon shekarun 1960, ya dawo ya riƙe hukumar mishan ta EMS daga 1970 zuwa 1988, sannan ya shugabanci ECWA. EMS ɗin nan tun 1948 aka kafa ta, kuma da baikon manoma da na zumuntar mata aka raine ta. Kuɗin da za a sa ku a jirgi da shi, irin wannan kuɗi ne. Kwanon masara ne da ƙullin gyaɗa. Ku ji nauyinsa duk safiyar da kasala ta ce ku ajiye littafin nahawu.

To, ga harshen kansa. Albishirinku, bai kai yadda ake tsoratar da ku ba. Da boko ake rubuta shi, kuma rubutunsa ya fi na Ingilishi bin lafazi. Kalmomin ilimi da na tauhidi da yawa 'yan'uwan na Ingilishi ne, tunda daga Latin suka fito, don haka karatu zai zo muku da wuri. Sannan mai jin Hausa yana da wata riba da ɗan Ingila ba shi da ita. A Fotugis kowane suna namiji ne ko tamace, siffa kuma tana bin jinsinsa, yadda mu ma muke cewa farin gida, farar mota. Ɗan Ingila kan yi wata da watanni kafin wannan ya zauna masa, ku kuwa da shi kuka tashi. Abin lura kawai, jinsin nasu ba kullum yake dacewa da namu ba: gida a wurinsu tamace ne, mota namiji. Saboda haka kada ka haddace suna shi kaɗai. Haddace shi tare da ɗan harafin da ke gabansa, o ko a, tun ranar farko.

Wahalarmu a leɓe take da hanci. Bakin da ya saba da Hausa ba ya raba p da f, ba ya raba v da b, su kuwa a kan wannan ma'anar kalma ke juyawa. Ka tsaya gaban madubi ka dubi bakinka. A p da b leɓe biyu ne ke haɗuwa su buɗe, a f da v haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Ka yi ta yi har sai ka daina tunani kafin ka furta. Akwai kuma wasulan da ke fita ta hanci, irin na ƙarshen João, wato Yohanna a harshensu. Waɗannan ba a koyon su daga takarda, sai da kunne, kuma kunnen da ya saba raba karin sauti da tsawon wasali a Hausa ba zai daɗe bai kama ba. Babban aikin dai shi ne aikatau. Mu a Hausa aikatau yakan zauna wuri ɗaya, abin da ke gabansa ne ke sauyawa: na je, ina zuwa, zan je, mun je. Su kuwa a wutsiyar kalmar suke ɗora komai, wane ne ya yi, yaushe ya yi, ya tabbata ko fata ake yi. Nan babu wata dabara sai maimaici. Koyon harshe sharar sabuwar gona ce a bakin daji, ba ranar gayya ke gama ta ba, kututture ɗai-ɗai ake tumɓukewa kowace safiya. Awa ɗaya kullum bayan addu'ar asuba ta fi Asabar guda cur sau ɗaya a wata.

Ku san kuma irin Fotugis ɗin da kuke sa wa kunnenku. Manhajojin waya galibi na Burazil suke koyarwa, Duolingo ma haka. Makarantu da ofisoshin ƙasashen Afirka kuwa ƙa'idar Fotugal suke bi, da nasu lafazin na gida. Za a gane ka da kowanne, amma in kunnenka na Burazil kaɗai ya sani, ranar farko a ofishin shige da fice za ka ji kamar ana haɗiye rabin kalmomi. Gidajen rediyon da muke jin Hausa a cikinsu, DW da RFI, suna da sashen Fotugis mai kula da Afirka, akwai kuma RDP África daga Lisbon. Ku saurari labarai kullum, ko ba ku gane rabi ba. Ku sauke shirye-shiryen a waya ku ajiye duk lokacin da kuka sami intanet, domin mu da muka ga rufe layukan waya a ƙarshen 2021 mun san ba a dogara da sabis idan an zo hutu gida. A Nijeriya ma ana koyar da Fotugis a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife da Jami'ar Jihar Legas. Idan hukumar mishan ɗinku za ta iya samo muku malami mai rai daga can, ko na 'yan watanni ne, ku roƙa. Waya ba ta jin kunyarka, ba ta kuma gyara maka ladabi. Harshen nan yana da matakan girmamawa: tu na aboki ne da yaro, dattijo kuwa o senhor ake ce masa, dattijuwa a senhora. Mu da muke durƙusawa mu gai da manya, kada mu je ƙasar mutane mu riƙa kiran tsofaffinsu kamar sa'o'inmu don manhaja ba ta gaya mana ba.

Littafi Mai Tsarkin da za ku fi tararwa a hannun masu bi, sunan Almeida ne a bangonsa. Ina so ku san ko wane ne. João Ferreira de Almeida an haife shi a Fotugal a 1628, ya tafi gabashin duniya yana yaro, ya fara juya Nassi zuwa harshensa a Malaka yana ɗan shekara 16. An buga Sabon Alkawarinsa a Amsterdam a 1681. Ya rasu a Batabiya, Jakarta ta yau, a 1691, yana cikin surar ƙarshe ta Ezekiyel, wani ya ƙarasa, kuma sai 1753 aka kammala buga Tsohon Alkawari. Ya fara ƙarami da ku, ya mutu bai ga ƙarshen aikinsa ba. Ku girmama fassararsa, ku haddace ayoyi daga cikinta, domin da ita dattawan can suke addu'a. Sai dai kada ku koyi maganar kasuwa daga gare ta. Tsohon salo ne mai nauyi, wanda ba wanda ke sayen tumatir da shi. Ku nemi ɗaya daga cikin fassarorin zamani masu sauƙi ku ajiye kusa da ita da kuma ta Hausa, ku riƙa karanta sura ɗaya a duka ukun. Linjilar Markus za ku fara da ita, gajera ce, labari ne, kuma kun riga kun san abin da ke zuwa.

Yanzu zan faɗa muku abin da ba ya cikin littafin nahawu. Harshen nan da jini ya shigo Afirka. A jiragen bayi ya zo, kuma namu na cikin waɗanda aka loda. A Bahiya ta Burazil, Hausawa bayi sun shirya tawaye a 1807, sun tashi a 1809 da 1814, suna kuma cikin babban boren Musulmi na Salvador a 1835. Akwai wani mai suna Mahommah Gardo Baquaqua, wanda aka haifa a Zugu, Djougou ta jamhuriyar Benin a yau, a kan hanyar fataken goro, uwarsa kuma asalinta Katsina. An kama shi aka kai Pernambuco, aka sayar wa mai gasa burodi, ya koyi Fotugis ƙarƙashin bulala. A 1847 ya tsere daga jirgin ubangidansa a New York, ya je Haiti, aka yi masa baftisma a 1848, ya yi karatu a wata kwaleji a Amurka, aka buga tarihinsa a Detroit a 1854. Burinsa ɗaya ne, ya koma Afirka ya yi wa mutanensa bishara. Ya yi ta neman kuɗi da ƙungiyar da za ta tura shi, har ya haye zuwa Liverpool a 1855 yana wannan nema. Ɗan 'yar Katsina ke nan, harshen da aka cusa masa da dole ku ake biya wa kuɗin makaranta ku koya, ƙofar da ya yi ta ƙwanƙwasawa ku a buɗe kuka tarar da ita.

A can inda za ku ma tsofaffi ba su manta ba. Har zuwa 1961 dokar mulkin mallaka ta raba mutane gida biyu, kuma baƙar fata ba ya shiga sahun cikakken ɗan ƙasa sai ya nuna ya iya Fotugis ya kuma bar al'adun iyayensa. Da bindiga suka ƙwaci 'yanci, Gini Bisau a 1974, Mozambik da Angola a 1975, kuma a Angola ana tuna cewa Nijeriya ta Janar Murtala ta tsaya musu. Yau harshen ya zama nasu, da shi suke mulki da karatu da waƙa. Amma a ƙauye har yanzu harshen ofis ne, na ɗan sanda da alƙali da takardar haraji. Idan da shi kaɗai ka shiga gari, a sahun waɗannan za a ajiye ka.

Shi ya sa na tuna muku da kakanninku mata. A Mozambik, ƙidayar 2017 ta nuna waɗanda Fotugis ne harshen uwarsu ba su kai ɗaya cikin biyar ba. A Nampula Makuwa ake yi, a Niassa akwai Yawo, a Beira Sena, a kudu Cangana. A Gini Bisau Kiriyol ne ke haɗa kowa, daga kasuwar Bandim har cikin toka-toka, motocin hayar Bisau, a gida kuma Balanta ne ko Fulatanci ko Mandinka ko Papel ko Manjako. Angola ce ta bambanta, inda ƙidayar 2014 ta nuna kusan kashi 71 cikin ɗari suna Fotugis a gida, duk da haka Umbundu da Kimbundu da Kikongo na nan da ransu. Fotugis zai ba ka takardar zama, ya buɗe maka littattafai da taron fastoci, ya kuma zama harshen da malaminka zai koya maka na biyun da shi. Wannan ne dalilin da ya sa dole ka iya shi sosai, ba rabi da rabi ba. Amma tsohuwar can ma, daren da jikanta ya kwanta, ba da Fotugis take kuka ba. Ka sa a ranka tun yanzu cewa makaranta biyu ke gabanka.

A Gabu, inda na zauna, Fulani ne suka fi yawa, Musulmi ne, kuma Fulatancinsu ya sha bamban da na rugagenmu ko da yake tushe ɗaya ne. Ajin da ya fi yi mini amfani ba shi da allo. Inuwar mangwaro ce a ƙofar gidan mai masaukina, inda ake dafa shayin da suke kira warga a 'yar buta kan gawayi, ana ɗaga hannu sama ana zubawa daga ƙaramin kofi zuwa wani har kumfa ta tashi. Zagaye uku ake yi, kuma ba a gaggawa. Ina zaune da ɗan littafi a aljihu, in na ji kalma sai in tambaya, yara su yi dariya su gyara mini, dattijon ya maimaita a hankali har bakina ya kama. Lokacin kashu, daga bazara zuwa farkon damina, gari yakan watse zuwa gonaki, sai in bi su in tsinci 'ya'yan da suka faɗo ina murɗe ƙwallon daga jikin tuffar, domin da ƙwallon nan ake musayar shinkafar shekara. A can na koyi ƙirga da sunayen dangi da yadda ake ta'aziyya. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma mutane suna son wanda ya yarda su ja masa sanda. Ku bari a yi muku dariya, 'ya'yana. Wanda ya koya maka magana ya riga ya zama naka.

A nan ne nake so ku saurare ni da kyau, domin shi ne abin da ya fi damuna. Na san abin da idonku ya gani. Kun tashi a shekarun da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama sai da rakiyar soja, ana ambaton Buruku da Udawa gaba na faɗuwa. Kun ji Gwaska a Mayun 2018, kun ji ɗaliban Kuriga a Maris na 2024. Akwai cikinku waɗanda aka sayar da shanun huɗa da buhunan masara aka biya fansar iyayensu, akwai waɗanda aka biya kuma ba a dawo ba. Ba zan ce ku manta ba. Amma ku faɗa wa kanku gaskiya gaba ɗayanta. Harsashin nan bai tambayi addini ba. Masallatai sun zama kufai yadda majami'u suka zama, mafi yawan mutanen masarautar Musulmi ne kuma sun binne nasu ba adadi, Fulani da yawa sun rasa garkensu da 'ya'yansu a dajin nan guda. To, mai masaukinka a Gabu ko Bafata Bafulatani ne mai salla biyar, matarsa ce za ta aiko maka da shinkafa ranar da zazzaɓi ya kayar da kai. Idan har yanzu jin Fulatanci yana sa jikinka sanyi, ka gaya wa malaminka tun kana makaranta, a zauna da kai, a yi addu'a, a ba ka lokaci. Ba abin kunya ba ne, ciwo ne, kuma ana jinyarsa. Wanda ke ƙin mutane a zuci ba ya iya harshensu, kunnensa ba ya buɗewa, su ma kuma suna ganewa tun bai yi magana ba. Ka faɗi bangaskiyarka a fili ba ɓoye-ɓoye, amma kada ka zagi abin da mutum yake girmamawa, kada ka sayi kowa da shinkafa ko magani, kuma wanda ya saurare ka ya ce a'a, maƙwabcinka ne gobe kamar jiya.

Masu zuwa arewacin Mozambik za su tarar da abin da suka baro. Tun Oktoban 2017, daga Mocímboa da Praia, 'yan bindiga suke tarwatsa ƙauyukan Cabo Delgado, 'yan gudun hijira sun cika Pemba har Nampula. Kun san yadda ake zama da wanda ya baro gonarsa ba girbi, kun san ba a cika shi da surutu. Amma ku je da niyyar koyo ma. Ƙasar nan ta yi yaƙin basasa daga 1977 har aka sa hannu kan sulhu a Roma a 1992, kuma masu bi na cikin waɗanda suka shiga tsakani. Daga 1995 majalisar ikilisiyoyin ƙasar, da jagorancin Bishop Dinis Sengulane, ta riƙa karɓar bindigogi tana ba da fartanya da keke da keken ɗinki. Mu da aka yi mana sulhu a Nuwamban 2024 aka sake buɗe karar shanun Birnin Gwari, muna kuma addu'a ya ɗore, muna da tambayoyi da yawa da za mu yi wa waɗannan mutane. Ku iya harshen har ku yi musu tambayoyin, ku rubuto mana amsa.

Kada ku ɗauka ku ne farkon zuwa. An yi wa sarkin Kongo baftisma tun 1491. A Gini Bisau wata baiwar Allah 'yar Ingila, Bessie Fricker, ta fara aikin ƙungiyar mishan ta WEC a 1940, kuma ikilisiyar da ta tsiro tana da fastocinta da dattawanta da Littafi Mai Tsarki da Kiriyol. Ku shiga ƙarƙashinsu, ku gaishe su, ku tambayi inda suke so ku tsaya. A Angola rikici tsakanin fastoci 'yan ƙasa da shugabanni 'yan Burazil na wata babbar coci ya kai har hukuma ta rufe majami'unta a 2020. Mutanen da suka kori Turawa da bindiga ba za su karɓi sabon ubangida ba don fatarsa baƙa ce. Takardunku kuma su zama na gaskiya. Gini Bisau tana cikin ECOWAS, shiga ba wuya, Mozambik da Angola kuwa sai da biza da izinin zama. Abin da ka je yi shi za ka rubuta.

'Ya'yana mata, da ku nake wannan magana tun daga farko, ba da mazanku kaɗai ba. An sha tura miji aji a bar matar da goyo da girki, a ce za ta tsinta a can. Sai a je, miji yana yawo yana hira, ita tana ɗaki ba ta iya ko cinikin gishiri, kewa ta cinye ta, kafin shekara biyu iyali sun tattaro sun dawo ana cewa ciwo ne. Alhali rabin garin mata ne, kuma cikin gidajen Musulmi inda namiji baƙo ba ya wuce zaure, ke ce mai shiga. Ki zauna a aji ɗaya da mijinki, littafinki daban, jarrabawarki daban. Kai kuma maigida, ka karɓi yaron ka goya awa ɗaya ta yi karatu.

Kalmata ta ƙarshe ga dattawan ikilisiya ce da zumuntar mata da hukumomin da ke aikawa. Na san aljihu ya yi rauni, gonaki da yawa sai yanzu ake komawa cikinsu. Duk da haka ina roƙonku, ku ba yaran nan shekara guda cur ta koyon harshe bayan sun sauka, mata da miji, ku sa kuɗin malami cikin kasafin mishan na bana, kuma kada wanda ya rubuta musu yana tambayar mutum nawa suka tuba kafin shekarar ta cika.